Malamin da Aka Horar a Nesa: Tarihin Horon Malamai a Ƙasar Gaya da Ajingi

Ruwayar baka da ta daɗe a bakin Kanawa ta ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, har ya yada zango a gindin Dutsen Dala, kuma zuriyarsa ce ake kira Abagayawa. Littafin Tarihin Kano shi ma bai tsallake Gaya ba. Ya ce a zamanin Sarki Yakubu, wanda masana suka ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1452 da 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo ya zama Sarkin Gaya. A wannan zamanin ne kuma, in ji littafin, Fulani suka iso ƙasar Hausa daga Mali ɗauke da littattafan tauhidi da lugga, alhali kafin zuwansu Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi ne kawai a hannun malamai. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan shi ne, ƙasar Gaya, da Ajingi da aka yanka daga jikinta, ta shafe ƙarnuka tana da malamai, tana kuma da hanyar da take bi ta mayar da yaro malami, tun kafin sojojin Ingila su ci birnin Kano a watan Fabrairu na 1903.

Daga wannan shekara zuwa yau hukumomi sun sha ɗaura ɗamarar samar wa waɗannan ƙauyuka malamin zamani. Kowane yunƙuri yana da amsar da ya bayar, a fili ko a ɓoye, ga tambayoyin da ba su taɓa canjawa ba: ɗan wa za a ɗauka a horar, a ina, da wane harshe, kuma don ya koyar da 'ya'yan wa. Amsoshin nan su ne tarihin da ke gabanmu, domin a cikinsu ne za a ga dalilin da ya sa makarantar Gwamnati ta karɓu a wasu gidaje, a wasu kuwa har yanzu ana yi mata kallon baƙuwa.

Sai a fara da tsangaya, saboda ita ce kwalejin horon malamai mafi tsufa a wannan ƙasa, ko da yake ba a saba kiranta da wannan suna ba. Yaro yakan shiga a matsayin kolo, yana wanke allo, yana ɗebo ƙirare don wutar karatun dare. Idan ya tasa ya zama titibiri, daga nan ya zama gardi. To, gardi ba ɗalibi ba ne kawai. Shi ke rubuta wa ƙanana allo, shi ke biya musu, shi ke sauraren haddarsu, duk a gaban idon malam, wanda zai gyara masa in ya yi kure, ya tsawata masa in ya yi sakaci. Shekarun da gardi yake yi yana koyarwa a ƙarƙashin wani sun ninka watannin da ɗalibin kwaleji na yau yake yi a gwajin koyarwa sau da yawa. Kafin a ce masa malam, balle alaramma ko gwani, ya riga ya san yadda yaro mai saurin fahimta yake, ya san mai nauyin kai, ya san wanda yunwa ce ta hana shi riƙe karatu. Gaya kuwa tana kan hanyar gabas, inda gardawa suka saba nufa, har ƙasar Barno, don neman ƙarfin tilawa da kyan rubutu.

Akwai wata hikima a cikin wannan tsari da masana ilimin zamani suka daɗe suna yi wa laƙabi iri-iri, alhali malaman allo sun riga su aiki da ita. Baƙaƙen Larabci baƙi ne ga yaron da aka haifa a Kademi ko Balare, don haka sai aka raɗa musu sunaye na Hausa masu bayyana siffarsu, irin su ba guje da ta kuri da mim jaye. Yaro yana babbaƙu da farfaru da harshen da ya tsotsa. Idan ya girma ya koma makarantar zaure, malam zai karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala gaɓa-gaɓa, yana fassara kowace gaɓa da Hausa. Lokacin karatu ma an auna shi da rayuwar manomi: da asuba, da yamma, da dare, a huta Alhamis da Juma'a, da damina a nufi gona. Malamin kuma ɗan gari ne, ko baƙon da ya zama ɗan gari. Shi ke raɗin suna, shi ke sallar gawa, kuma iyayen yara ke ciyar da makarantarsa da kuɗin Laraba da zakkar hatsi. Idan ya ɓata, a ranar gari zai ji.

Wannan ba ya nufin tsarin ya yi wa kowa adalci. Yarinya takan bar allo da 'yan izifi kaɗan saboda talla da aure. Bulala ta kori yara da yawa daga karatu, bara kuma ta ci mutuncin wasu tun suna ƙanana. Wadda ta fara duban matsalar mata da idon mai tsara ilimi ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta zaɓi dattawan mata daga ƙauyuka, ta koyar da su, ta naɗa su jajis da malfa, suka riƙa komawa garuruwansu suna karantar da mata da waƙoƙin da ta tsara cikin Hausa da Fillanci. Wato ta ɗauki macen da ƙauye ya riga ya amince da ita ta ƙara mata sani, ta mayar da ita gida. A yankin Sakkwato aka yi wannan, amma dabarar ta cancanci a riƙe ta, domin za mu ga yadda hukumomin da suka biyo baya suka yi ta aikata kishiyarta.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Haifaffen ƙasar Suwizalan ne, ya fara zuwa Nijeriya a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin Gwamnati. A yi masa adalci: ɗalibansa na farko malamai ne da suka riga suka yi karatun Muhammadiyya, kuma da Hausa aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, don su je su koyar da wasu. Ya gane cewa mutanen da suke da malamansu ba za su miƙa 'ya'yansu ga wanda ba su sani ba. Sai dai manufar waɗanda suka aiko shi gajera ce. Abin da mulkin mallaka yake bukata shi ne 'ya'yan sarakuna da za su gaji iyayensu, da malaman da za su rubuta haraji da jangali a ofisoshin En'e. A ƙiyasin da aka yi a zamanin Lugga, makarantun allo a Arewa sun kai kimanin 25,000. Ba a yi wani tanadi na ƙara wa malaman waɗannan makarantu sani ba. An bar su a gefe, an gina wata rumfa daban. Ba banza ba jama'a suka kira sabon karatun da boko, kalmar da Bahaushe ya riga ya sani a cikin amaryar boko, wato abin da aka yi don ya yi kama da na gaskiya.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta fara horar da malamai a mataki mai zurfi. Karatun shekara biyar ne, Ingilishi ne ƙashin bayansa, kuma yara 'yan kaɗan ake zaɓowa daga kowane lardi. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito, don haka babu mai musun ingancinta. Amma ɗan Katsina ba a yi shi don ƙauye ba. Makarantun Midil na manyan birane ake tura shi. Makarantar elementare ta gunduma, irin wadda En'e ta Kano take riƙewa a garuruwan hakimai kamar Gaya, rabonta shi ne malamin da ya yi ɗan gajeren horo a cibiyoyin horon malaman elementare, ko ma wanda bai yi ba. Tun daga nan tsani ya rabu biyu, dogo na birni, gajere na karkara, kuma ban ga wani gyara da aka yi daga baya da ya haɗe su sosai ba.

Yadda ake samo yaran ma ya bar tabo. Hakimi zai sanar da dagaci adadin da ake so, dagaci ya sanar da mai unguwa. Mai hali ya ɓoye ɗansa, ko ya tura shi almajiranci, ko ya san yadda ya yi aka tsallake gidansa. Sai ƙuri'a ta faɗa kan maraya ko ɗan bara ko ɗan wanda ba ya shiri da mai unguwa. Tarihi ya yi dariyarsa daga baya, domin da yawa cikin yaran da aka kai makaranta don mugunta su ne suka zama manyan ma'aikata. Amma a idon talaka na wancan lokaci, malamin boko ɗan uwan mai karɓar haraji ne: En'e ke biyansa, hakimi ke tsaya masa, dogari ke kamo masa yaran da suka gudu. An koya masa yadda zai cika rajista da yadda zai tsara darasi. Yadda zai zauna da uban yaro a ƙofar gida ya shawo kansa, wannan ba ya cikin manhaja, tun da hukuma tana ganin tilas ya wadatar.

Wani abu guda kuwa ya tsaya wa wannan malami. Da Hausa ake karatun elementare, kuma an wadata shi da littattafai. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce ta biyo baya don amfanin makarantu, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939. An buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda a cikinsa yaron Gaya zai iya karanta sunan garinsu. Malamin elementare, duk da ƙarancin horonsa, yana riƙe da abin da da yawa cikin magadansa na yau suke nema ba su samu ba, wato littafin karatu mai daɗi cikin harshen yaran da ke gabansa. Mata kuwa an makara a kansu. Makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai a 1930, cibiyar horon malamai mata ta Sakkwato sai a 1939, kuma dukkansu a birni suke. Uban da ke Gurduba ko Gamarya ba shi da malama macen da zai damƙa wa 'yarsa, don haka ya riƙe abarsa a gida, aka kuma rubuta a rahoto cewa mutanen karkara ba sa son ilimin mata.

Ƙoƙarin cike ramin da ke tsakanin allo da boko daga Kano ya fi fitowa. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, ta kuma shiga yaye malaman Larabci da addini masu takardar shaidar da Gwamnati ta yarda da ita. Malam Aminu Kano shi ma malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa. Ya koyar a Midil ta Bauchi, ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, ya shugabanci kwalejin horon malamai ta Maru, sannan ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa NEPU. Shi da abokansa sun dasa makarantun Islamiyya masu aji da allon bango da jadawali, inda ake koyar da Larabci da addini ta hanyar da ta fi sauri. Sarakuna sun yi wa waɗannan makarantu kallon sansanin siyasa, sun takura musu. Amma irin ya tsira. Duk wanda ya leƙa Islamiyyar yamma a garuruwan gabashin Kano yau zai tarar da 'yan mata cike da aji, wasunsu ba su je firamare da safe ba. Iyayen su ɗin ne dai, yaran ma su ne. Abin da ya bambanta shi ne an san malamin, an san gidansu, an kuma yarda da abin da yake koyarwa.

Kwalejin horon malamai da ta fi kusa da Gaya da Ajingi ita ce ta Wudil, kuma ta nan ne 'ya'yan talakawan wannan yanki da dama suka shiga aikin Gwamnati. Ya kamata a tsaya a kan takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu da irin waɗannan kwalejoji suke bayarwa, domin tsofaffin malamai har gobe suna kewarta, kuma kewar tasu ba ta son zuciya ba ce kawai. Ɗalibi yana kwana a makaranta shekara da shekaru. Ana koya masa dukkan darussan firamare, tun da shi kaɗai zai riƙe aji daga safe har a tashi. Ana koya masa rubutun allo, da haɗa kayan koyarwa da kara da yumɓu da ƙwallayen goruba, da noman gonar makaranta. Ba ya cin jarrabawa sai an zo an zauna a bayan ajinsa an ga yadda yake koyarwa. Mafi muhimmanci, yawancinsu gundumominsu ake mayar da su. Aibinta shi ne ilimin ɗalibin bai cika zurfi ba, kuma maza ne suka cika kwalejojin.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Shekara tara bayan haka, a watan Satumba na 1976, Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga fiye da miliyan 3 sun bayyana. A wannan shekara ce makarantar boko ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba, kuma wannan babban adalci ne da ba za a raina ba. Amma gini ya riga malami isa. Aka buɗe kwalejoji cikin gaggawa, aka taƙaita horo, aka ɗebi waɗanda suka gama firamare aka ba su alli, aka kuma kawo malamai daga wasu jihohi waɗanda ba sa jin Hausa. Don a horar da waɗanda suka riga suka shiga aji ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, mai karantarwa daga nesa. A shekarar ce kuma aka rushe En'e, makarantun firamare suka koma hannun ƙananan hukumomi. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, albashi ya riƙa makara wata da watanni, malamin ƙauye ya koma gona da kasuwa. Iyayen da aka lallasa suka kawo yara a 1976 suka ga ɗansu ya yi shekara shida bai iya rubuta wasiƙa ba, alhali ɗan maƙwabci da aka kai gabas ya dawo da sauka. Wanda duk yake mamakin yadda almajiranci ya ƙi mutuwa a wannan yanki, to ya fara lissafinsa daga nan.

Abin takaici shi ne an san maganin tun kafin cutar ta yi tsanani. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare a jihohin Arewa. An rubuta littattafai da Hausa, an kuma samar da masu horar da malamai da ke zagayawa makaranta-makaranta, suna zama a aji suna gyara wa malami aikinsa a inda yake yin sa. A Ile-Ife kuma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, aka ga ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu a shekarun farko na firamare. Takarda ta faɗi haka, kwalejoji kuwa suka ci gaba da horar da malamai da Ingilishi.

Da aka mayar da takardar shaidar malanta ta ƙasa, NCE, mafi ƙarancin abin da malami zai riƙe, sai kwalejojin daraja ta biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wudil yau da jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001 aka san ta. Ɗan Gaya ko Ajingi mai son malanta sai ya nufi birni, ko kwalejin ilimi ta tarayya, ko ta jiha da aka kafa a Kumbotso a 1981, wadda daga baya aka sa wa sunan Sa'adatu Rimi. Ilimi ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma an daɗe ana horar da ɗalibin NCE a kan darasi biyu, kamar wanda zai koyar a sakandare, sannan a tura shi aji biyu na firamare ya koyar da komai. Wanda ya karanci Hausa ya san nahawu da adabi, amma sau da yawa ba a nuna masa yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali ba. Wanda ya karanci lissafi da Ingilishi ya karance shi, don haka idan ya tsaya gaban yara sai ya rubuta da Ingilishi a allo, ya yi bayani da Hausar da ya ƙirƙira nan take, yara su kwafi abin da ba su gane ba. Ga kuma matsalar zama. Wanda ya ɗanɗani birni shekara uku ba ya son komawa Kunkurawa, mace mai aure kuwa inda mijinta yake nan za ta nemi a ajiye ta. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum fiye da 200,000, Ajingi fiye da 170,000 a warwatse cikin ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 700. Makarantun bakin titi sukan tara malamai, na lungu su tashi da mutum biyu ko uku.

Yaran rugage su ne suka fi kowa zama a baya. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, amma malamin da ya ji Fillanci, ya kuma yarda ya daidaita lokacin darasi da lokacin kiwo da tallan nono, kwalejojin jiha ba su ɗauki samar da shi a matsayin aikinsu na yau da kullum ba.

Shugaban makaranta shi ne wanda tarihin nan ya fi mantawa da shi. Tun zamanin En'e hedimasta malami ne da ya daɗe a aiki, ko wanda yake da mai tsaya masa, sai a wayi gari a miƙa masa makulli da rajista. Cibiyar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1992 don horar da masu tsara ilimi da shugabanninsa tana Ondo, tafiyar kwana guda cur daga Ajingi. Alhali kusan duk abin da ake kira adalci a makarantar ƙauye a hannun hedimasta yake. Shi ne zai san cewa ranar kasuwa aji yakan zama wayam, ya san watan da ake cire yara don shuka da girbi, ya yanke ko a kori yarinyar da ta zo ba rigar makaranta ko a bar ta ta zauna. Shi ne zai je wurin liman da dagaci da alaramma, ko kuma ya zauna a ofis yana jiran sakataren ilimi. Shi ne zai ba aji ɗaya malamin da ya fi kowa iyawa, ko ya jefa wa ƙananan yara wanda ya fi kowa rauni, kamar yadda aka saba. Kwamitocin gudanar da makarantu da aka shigo da su a tsakiyar shekarun 2000, masu haɗa iyaye da masu gari da mata, sun buɗe ƙofar da tilas ɗin zamanin En'e ya rufe, amma kwamiti ba ya motsi sai shugaban makaranta ya iya zama da mutane, kuma wannan abu ne da ake koyo.

Gwaje-gwaje biyu da aka yi a maƙwabtan Gaya sun nuna abin da zai yiwu. Shirin ESSPIN, wanda Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya fara aikinsa na Kano a Albasu da Fagge da Kumbotso. Maimakon a ƙwace almajirai daga hannun malamansu, sai aka nemi yardar alarammomi su riƙa sakin yara na 'yan sa'o'i, aka ɗauki matasa 'yan garin aka horar da su, aka kuma riƙa bibiyarsu a kai a kai, suna koyar da Hausa da lissafi da Ingilishi. Mai karatu zai ga kamannin wannan da jajis ɗin Nana Asma'u. A ƙarshen 2019 kuma aka fara shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, da dabarar da aka aro daga Indiya: a gwada yaran manyan azuzuwan firamare, a raba su gwargwadon abin da kowa ya iya ba gwargwadon ajinsa ba, a fara da karatun Hausa. Dukkan shirye-shiryen biyu da kuɗin waje aka yi su, kuma shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa. Muddin dabarar ba ta shiga manhajar kwaleji da kasafin kuɗin jiha ba, to takan tafi tare da motocin masu shirin, kamar yadda masu zagayen Zariya na shekarun 1970 suka tafi.

Jihar Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma tilas a 2019, sannan a watan Yuni na 2024 ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. An gyara azuzuwa, an ɗauki malamai. Sarautar Gaya ita ma ta ga sauye-sauye a waɗannan shekaru, daga masarautar da aka ƙirƙira a 2019 zuwa mai daraja ta biyu ta 2024 wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, kuma hakimai da dagatai har yanzu su ake nema idan ana son iyaye su kai yara makaranta. A kan harshe kuwa Gwamnatin Tarayya ta yi amai ta lashe. A ƙarshen 2022 ta amince a koyar da harshen uwa tsawon shekara shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa Ingilishi tun daga ajin farko, bisa hujjar cewa yara suna faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi harshen uwa. A ganina hujjar ta ɗora laifi a kan abin da ba a taɓa aiwatarwa yadda ya kamata ba, domin tsakanin shekarun nan uku ba a sake fasalin horon malamai ba, littattafan lissafi da kimiyya na Hausa kuma ba su wadata a makarantun karkara ba. Ɗalibin da ya shiga kwalejin Kumbotso a 2023 ya fara karatu ƙarƙashin manufa ɗaya, zai fita ƙarƙashin wata, kuma a duka biyun da Ingilishi aka karantar da shi. Yaran da za a damƙa masa a Toranke ko Shagogo kuwa da Hausa ko Fillanci za su gaishe shi a ranar farko.